Kabarin Da Ya Saɓa Wa Layi

Ranar da Inna ta rasu, kafin rana ta take tsaka gidanmu na Diffa ya cika har ƙofar waje. Matan coci suka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro, maƙwabtanmu Musulmi suka zauna ta wajen rumfa, kowa da irin gaisuwarsa. Na coci suna cewa, "Ta huta, ta tafi gida." Maƙwabta kuwa bakinsu ya saba da "Allah ya jiƙanta," ga shi ba su tabbata ko ya halatta a faɗa wa Kirista ba, sai su tsaya a kan "Allah ya ba ku haƙuri." Mai ƙosan bakin layinmu ce bakinta ya suɓuce. Ta ce, "Allah ya jiƙanta," ta yi maza ta rufe baki da tafin hannu, ta dubi hagu da dama. Can ta sauke hannun ta ce, "To na faɗa. Allah ya jiƙanta. Mai kama ni ya zo ya kama."

Wata tsohuwa ta zo tun daga Gagamari tana dogara sanduna biyu, da takalmi wari ɗaya a cikin leda. A gadon likita suka san juna da Inna. Ita nakiya ta taka a hanyar gona ta rasa ƙafar dama, Inna kuma ciwon suga ya cinye mata ta hagu. Da suka gane ƙafarsu ɗaya a girma, sai suka riƙa sayen takalmi ɗaya su raba, kowa ta ɗauki warinta. Tsohuwar ta miƙo mini ledar tana kuka ta ce, "Sabo ne, na saya mana na salla. Yanzu wa zan ba?" Shi muka sa wa Inna a ƙafa kafin a rufe akwati.

Duk wannan na ɗauka. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganar da ta yi ta yawo daga tabarma zuwa tabarma: "Baiwar Allah mai haƙuri, ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba." Wai Inna! Ni ce ƴarta, ni na sha ranƙwashinta har na girma. Matar nan ba sanyi gare ta ba, taurin kai gare ta, irin wanda ban taɓa gani a jikin wani ɗan Adam ba sai mutum ɗaya. Mutumin nan kuwa yana cikin gidan a ranar, a ɗakin da ke kusurwa, ya rufo ƙofa. Kawu ke nan, wan Inna, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk mai gaisuwa sai ya saci kallon ƙofar nan, don duk layinmu an san rantsuwar da ya yi, cewa ƙafarsa ba za ta taka inda aka binne ta ba. Yayana kuma ya yi tasa rantsuwar a gaban mutane tun gawa ba ta huce ba, ya ce ko Kawu ya zo makabarta shi zai kore shi da hannunsa.

Na rubuta wannan ne don kada a binne Inna sau biyu, sau ɗaya a yashi, sau ɗaya a cikin "baiwar Allah mai haƙuri."

Ƴar Baruwa ce, can wajen Bosso, gidan manoman tattasai a bakin kogin Komadugu. Babanmu mutumin Damagaram ne, Kirista, aikin allura ya kai shi garinsu. Ta gan shi, ta so shi, ta bi shi, ta bi addininsa da idonta biyu. Da mahaifinsu ya rasu Kawu ya ce addini ya raba gado, ya riƙe gonar bakin ruwa. Inna ta nemi aron wata gona a nan kusa da Diffa ta ci gaba da tattasanta. Gona ba ta taɓa hana ta barci ba. Abin da ya tsaya mata a ƙirji ranar mutuwar uwarsu ce. Ta tafi Baruwa da yayana a hannu, yana yaro, don ta yi wa uwarta wanka kamar yadda ƴa mace ke yi. Kawu ya tare ƙofar zaure ya ce, "Hannunki ba zai taɓa gawar uwata ba. Ranar da kika mutu kuma, ƙafata ba za ta taka inda aka binne ki ba." Ta zauna a rana a waje har aka fito da makara aka wuce ta gabanta. Yayana bai manta zaman nan ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A cocinmu akwai Lahadin godiyar kaka, ranar da kowa ke kawo wani abu daga amfanin shekara ya ajiye a gaba. Inna ba ta taɓa fashi ba. Shekarar da babanmu ya rasu ta kai. Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya shanye dashenta ta kai ƴar ƙwaryar kuɓewa. Sai shekarar da mutanen daji suka harbe autanmu a gona, ya je tada injin ban ruwa da safe bai dawo ba. A shekarar nan ne kuma aka hana cinikin tattasai, buhuna jibge a ɗaki babu mai saye. Kowa ya ɗauka Inna za ta zauna a gida, Fasto ma ya aiko cewa ta huta. Ina! Ta ɗauko buhun busasshen tattasai guda a ka, ta ratsa tsakiyar coci, ta kwance bakinsa ta zazzage a gaba. Wanda ya san tattasan Diffa ya san abin da ya biyo baya. Masu waƙa suka kama atishawa, Fasto yana hawaye yana neman hankici, yara suka ruga waje. Ita kuwa tana tsaye ƙyam. Ta ce, "Godiya na zo yi. An ba ni yaron nan, na goya shi, na yaye shi, na ga gemunsa ya fito. Wanda ya harbe shi bai isa ya ƙwace mini wannan ba."

Da muka koma gida ta jawo turmi ta hau daka, babu komai a cikinsa sai ɗan guntun gero, tana daka tana kuka har zaninta ya jiƙe. Haushi ya kama ni na ce, "Inna, to mene ne na zuwa ki yi wa mutane godiyar da ba ta kai ciki ba?" Ta tsayar da taɓarya ta dube ni. Hausarta da nauyin Barbarci take fita, in ranta ya ɓaci kuma nauyin ya ƙaru. Ta ce, "Ke, wa ya ce miki daɗi nake ji? Shaiɗan ya ci gonata, ya ci mijina, ya ci ɗana. Yanzu bakina yake jira in buɗe in zagi Ubangijina. Ba zan ba shi ba. Ya mutu da yunwa."

"Ba zan ba shi ba." Maganarta ke nan, mun ji ta har mun gaji. Ranar da ta farfaɗo a likita bayan an yanke ƙafar, ta ɗaga bargo ta leƙa, ta ce, "Ta dama ce ta rage? Madalla, da ita dama nake fara shiga coci." Mai jinyar da ke tsaye ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Ba a daɗe da kashe auta ba aka tashi mutanen Baruwa. Kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙa zubo su a bakin kwalta, kowa ya kafa ƴan sanduna ya rufa tamfol. Labari ya iso mana cewa Kawu yana cikinsu, da ƴaƴansa maza biyu da matansu da jikoki. A lokacin Inna tana da ƙafafunta biyu. Ta ɗauki amalanken jaki ta ce in raka ta. Na ce ba inda za ni. Ta ce, "To zauna ki yi gadin fushinki," ta kama hanya. Dole na bi ta.

Muka same shi zaune a kan buhu, ya rame, gemu ya yi fari fat. Rabon da su ga juna tun ranar zauren nan. Inna ta tsaya a kansa ta ce, "Tashi. Ɗan uwata ba zai kwana a bakin kwalta ba ina da ɗaki." Ko kallonta bai yi ba. Ya juya wajen babban ɗansa ya ce, "Gaya mata ba na cin abincinta." Inna ma ta juya wajen ɗan ta ce, "Gaya masa ban ce ya zo ya ci ba, cewa na yi ya zo ya kwana." Jikokin suka riga kowa hawa amalanke. Shi ne na ƙarshe, kuma a ƙasa ya taka har gida yana bin jaki a baya.

Washegari ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da sabon kwano, ta ɗaura jan ƙyalle a kunnen tukunyar don kada a haɗa ta da namu. Nama sai na mahaucin da Kawu ya yarda da yankansa. Ta sayo buta, ta share wani gefe na tsakar gida ta zuba sabon yashi don salla, ta hana mu ratsawa ta wurin. In azumi ya zo ita ke dama kunun buɗa baki, ko bayan an yanke ƙafar, tana zaune a kujera ƴar tsugune. Ƴaƴansa daga baya suka sami wuri suka tashi da iyalansu, shi ya zauna. Shekaru yana cin tuwon tukunya mai jan ƙyalle, bai taɓa cewa an gode ba, bai taɓa cewa a yafe masa ba, bai kuma taɓa kiran sunanta ba. In yana son abu sai ya ce da ni, "Gaya wa mai gidan nan." Ita ma ta ce, "Gaya wa baƙon nan." Suna zaune tabarma da tabarma, ni ce masinja.

Wata rana yayana ya shigo ya tarar Inna tana jan jiki a ƙasa za ta sauke tukunyar, Kawu yana zaune yana jan carbi. Ya sa ƙafa ya yi fatali da ita, miya ta watse a yashi. Ya ce, "Inna, wannan ba yafiya ba ce, bauta ce! Ko a coci cewa ake mai laifi ya tuba. Shi ya tuba?" Inna ta ce, "Ɗauko mini tukunyata." Ya tsaya. Ta ce, "Ɗauko, ka wanke, ka kawo." Yayana, magidanci mai ƴaƴa uku, ya duƙa ya ɗauko. Sannan ta ce, "In jira ya tuba? Ciki ɗaya muka fito da kawunku, na san kan da ke wuyansa, irin nawa ne. In na tsaya jiransa, da shi zan mutu a ƙirji. Kuma kada ka ɗauka sau ɗaya na yafe aka gama. Kullum na tashi sai na tarar abin ya dawo, kamar yashin tsakar gidan nan. In share, gobe in sake sharewa." Duk Kawu yana ji, carbinsa bai tsaya ba.

Mutanen coci ma ba su tsira daga bakinta ba. Fasto ya zo gida ya roƙe ta ta tsaya gaban jama'a ta ba da shaida, ta faɗi abin da wanta ya yi mata da yadda ta rama da alheri, wai don a ƙarfafa masu bi. Ta bar shi ya gama, har ya sha ruwa. Ta ce, "Fasto, ba zan tuɓe wa ɗan'uwana riga a gaban mutane don a yi mini tafi ba. Wanda ya yafe mini nawa bai tara jama'a ya karanta musu ba. In wa'azi ya ƙare maka, ka zo in ba ka tattasai." Fasto ya yi dariyar dole ya tafi, bai sake tada maganar ba.

Da ciwon ya kwantar da ita na ƙarshe, ina goge mata jiki na tambaye ta abin da ke cina. Na ce, "Inna, in Kawu ya cika rantsuwarsa fa?" Ta ce, "In ya zo, ku matsa masa. In bai zo ba, ku kai masa abincinsa." Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Me kike so in ƙara, gishiri?"

Da safen jana'iza muka tarar ƙofar Kawu a buɗe, ɗakin wayam. Yayana ya ce, "Kun gani? Ya gudu. Ya cika maganarsa." Ni ma haka na ɗauka, kuma wallahi zuciyata tafasa take. Aka ɗora akwati a mota, muka bi da waƙa har makabartar Kirista da ke bayan gari.

Tun daga nesa na hango mutum uku zaune a gindin aduwa, yashi har gwiwa. Kawu ne da ƴaƴansa biyu. Da muka isa bakin ramin waƙa ta mutu a bakin mutane. Duk kaburburan wurin a layi ɗaya suke, kai yamma ƙafa gabas. Wannan kuwa an haƙa shi kudu da arewa, ya ratsa layin. A cikinsa kuma an yi uwa da ɗa, wato babban rami a sama, sannan wani siriri a ƙasa daidai kwanciyar mutum a kan gefensa cikin likkafani, yadda Musulmi ke yi. An gyara shi sumul, gefe da gefe kamar an sa magwaji. Amma ko rabin akwatin ba zai shiga ba.

Shugaban matasan coci, waɗanda su ke haƙa in an yi mutuwa, ya hau rantse-rantse. Ya ce ɗan Kawu ne ya same shi da sassafe ya ce dangi sun ɗauki haƙa, shi kuma ya ɗauka mu ne muka aiko. Mai gadin makabarta ya nuna musu wuri ya tafi abinsa. Sai gunaguni ya tashi. Wani dattijo ya ce wulaƙanci ne. Wata ta ce so yake ya musuluntar da ita bayan ta mutu. Yayana ya ajiye kan akwatin da yake riƙe da shi, ya nufi gindin aduwa. Na sha gabansa. Ban san na iya ƙarfi haka ba, na dafa ƙirjinsa da hannu biyu na ce, "Cewa ta yi in ya zo mu matsa masa. Ga shi ya zo. Matsa."

Kawu ya taso da sandarsa. Mutane suka dare. Ya zo ya tsaya a kan akwatin ya daɗe yana kallo, ya gwada faɗinsa da sandar, ya je ya gwada bakin ramin. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya juyo, ba wajen ɗansa ba, wajenmu, ya ce, "Ban taɓa binne mutum a akwati ba. Yadda na haƙa wa uwarmu, haka na haƙa mata." Ya ƙara da cewa, "Ba wanda ya gaya mini ƙanwata da akwati za ta zo."

Ƙanwata. Tunda nake ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

Ya cire hula, ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa ɗansa, ya zauna a bakin ramin ya zura ƙafafu ya sauka da shebur. Tsoho ne, in ya sara sau biyu sai ya tsaya ya yi numfashi. Yashin Diffa kuma ba ya tsayawa inda aka ce, yana faɗaɗawa gefe yana zubowa. Yayana yana tsaye yana kallonsa, hawaye suna bin gemunsa. Can ya fizgi shebur daga hannun wani matashi ya dira ciki. Ya ce, "Kawu, hau, ka tsufa." Kawu ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Kama wancan gefen."

Fasto ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce, tunda ana gyara, ko a juya ramin ya bi layi? Na ce, "A'a, Fasto. A faɗaɗa kawai." Haka aka yi. Da aka fara addu'a da waƙa Kawu ya koma gindin aduwa ya ba mu wuri, ba mu kira shi ba, shi ma bai matso ba. Amma da aka zo rufewa, hannunsa ne ya fara zuba ƙasa.

Kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da rungume-rungume. Har yau Kawu bai ce a yafe masa ba. Har yau a tukunya mai jan ƙyalle nake dafa masa, yana kuma ce mini "ƴar mai gidan nan." Ni ba Inna ba ce, akwai safiyar da nake tashi in ji ko ganinsa ba na son yi. Sai in ɗauki tsintsiya.

Yanzu dattawan coci sun yanke shawarar gyara makabarta, za a ɗaure kaburbura da siminti a daidaita layi. Sun aiko mini cewa na Inna ya karkace, yana ɓata tsari, za su miƙar da tudun daga sama ya yi daidai da na kowa, wai ba wanda zai san yadda yake a ƙasa. To ni na sani. Yayana ya sani, tsohon da ya haƙa shi ma ya sani. Matar nan ta yi shekaru tana dafa tuwo a tukunya biyu, da ƙafa ɗaya, kafin ta sami wannan ramin. Ga amsata, ku kai musu yadda na faɗa: su daidaita na kowa, su bar na Inna yadda wanta ya haƙa shi. Ba zan ba su ba.